Gwiwar Tamanin da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Bilbis,
gawayi ya yi ja, butar shayi na huci,
mu shida kan benci ɗaya da tabarma,
waya jingine da gwangwanin sukari,
kowa ya yi barci, ban da mu, a Tawa.

Sha'aibu ne ya kawo mana cutar.
Shekara tara yana yankan kaji a Amirka,
ya dawo da tari, da yatsu takwas,
da son wata ƙwallo mai siffar guna
wadda ake rungumewa a ruga da ita
kamar ɓarawon kaza a kasuwa.

"Dama huɗu," in ji shi, "taku goma."
Ya ɗaga hannu zai ƙirga,
yatsun suka ƙare a uku,
ya ari na huɗu a hannun Gado,
muka yi dariya har kofi ya kusa kifewa.

Saura taku biyu.
Masu jar riga sun sunkuya,
bijimai biyar, goshi da goshi.
Gado ya ce a ba gajeren nan ya kutsa tsakiya.
Miko ya ce tsakiya ta toshe tun ɗazu,
a jefa gefe, ga tamanin da bakwai can,
shi kaɗai kamar gawo a gona, ba mai tsarewa.

Madugu ya ja baya, ya jefa.
Yaron ya tashi sama, ya cafe,
ya sauko a ƙafar hagu,
ƙafar ta ce ba da ni ba.
Ba wanda ya taɓa shi.
Nauyinsa ne kawai, da ƙasa, da gwiwa.

Sau uku suka maimaita hoton, a hankali.
Ƙattai suka cire kwalkwali, suka durƙusa,
ƴar mota ta shigo ta ɗauke shi,
ya rufe fuska da tawul, yana wucewa.

Sai gardama ta ɓarke.
Gado ya ce laifin koci ne, taku biyu ai da ƙirji ake ci.
Sha'aibu ya ce tun makon jiya yake ɗingishi,
suka yi masa allura, suka ce ya warke.
Miko ya ce ku adana tausayinku,
albashinsa na wata zai sayi Bilbis har da mu.
Na ce shayin nan fa yana hucewa.

Namata bai ce uffan ba.
Mai gadin kantin siminti ne,
shayi ke kawo shi, ba ƙwallo ba.
Ya naɗe wando a hankali,
ya haska tocila kan tabo mai tsawon ɗani.
"Ni ma ba wanda ya taɓa ni," ya ce.
"Ganga na tashi, Adar duka na kiran sunana,
maɗori ya ce wata uku, manya suka ce kwana ashirin,
takobi ba ya jira.
Na shiga da laya goma sha biyu.
Ƙarar na ji kafin zafin,
kamar an karya kara a bayan kunnena.
Ranar na yi sallama da kokowa."

Ba wanda ya duba yadda wasan ya ƙare.
Na riƙe masa keke, ya dafa kafaɗata,
muka bi ta bayan tasha, karnuka na haushi,
taku goma, ya huta, taku goma,
ba alƙali, ba mai ƙirgawa.

Da hantsi ya zo har shagona.
"Duba wayarka, me suka ce da yaron?"
Na ce jijiya ta tsinke, wata tara.
Ya daɗe yana kallon titi.
"In kana da hanyar da saƙo zai kai,
ka ce masa ya cika taran, ya ƙara ɗaya.
Masu tafi ba sa raka mutum gida,
kuma ƙasa ba ta gaggawa."